Zabirar da Aka Kai Ajiya Treichville

Tun ranar da Haulatu matar Tasi'u ta sauka uwarsa Inna Delu ke maganar askar nan, shi kuwa Tasi'u sai ya ce to. To da safe, to da yamma, ya saɓa jakarsa ya nufi shagonsa na wayoyin hannu a unguwar Adjamé Mairie, magana ta bi iska. Shi a ganinsa tsufa ne kawai ke sa uwarsa surutu. Ai kuwa ranar jajiberin suna tsohuwa ta nuna masa ita ta haife shi.

Ya fito ke nan zai tafi kasuwar Marché Gouro sayo albasa da tumatir da ayabar suya, rago na ɗaure a tsakar gida yana ta kuka, sai ta tare shi daga kan tabarmarta. Idanunta sun yi yana, ba ta gani sosai, amma takun ɗanta ba ya ɓace mata. Ba ta kira sunansa ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta "Tasi'u" ba, "kai wannan" take ce masa, kuma bai taɓa jin ta yabe shi ko ta shigar masa faɗa ba, ko da wasa. Ta ce masa, a hankali kuma, gobe in ba askar gidansu aka kawo ba, kada ƙarfe ya taɓa kan jikanta. In kuwa ya kira masu reza ɗin nan na zamani, su sha sunansu lafiya, ita za ta ja ƙyauren ɗakinta, duk wanda ya tambaya a ce masa kakar yaro ta ƙi fitowa.

Wanda bai san gidan ba zai ce wace irin rigima ce wannan a kan aska. To, gidan wanzamai ne. Mahaifin Tasi'u, Malam Idris, wanzami ne ɗan wanzami, mutumin Madawa ta Nijar, wanda ya sauka Treichville yana saurayi ba shi da komai sai zabirarsa ta fata a kafaɗa. Rabin kawunan Hausawan unguwar ya san su kamar tafin hannunsa. A cikin zabirar akwai wata aska ƙirar maƙeran gida, baƙa, mai lanƙwasasshiyar wutsiya, wadda ba a yi wa kowa aski da ita sai jinjirin da aka haifa a zuri'ar. Da ita aka sauke gashin Malam Idris kansa, da ita aka sauke na Tasi'u da na ƙannensa mata.

Da rikici ya ɓarke a 2002, ana tare baƙi a hanya, ana rushe wasu unguwanni, Malam ya ce zai je Madawa ya gyara ɗaki, in abin ya ƙi lafawa ya aiko su taho. Ana gobe zai tafi ya fita da zabirar, ya dawo ba ita. Ya tafi, ciwo ya kama shi a can, bai dawo ba. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya sake ta da maganar, sai yanzu da Allah ya kawo ɗan da aka daɗe ana jira.

Tasi'u ya durƙusa yana danne fushi, ya tambaye ta ina aka kai zabirar. Ta ce gidan da ake ajiye kayan mutanen da, a Treichville. Wane gida? Wane titi? Hannun wa? Ta ce ita ina ta sani, ita da ba ta raka shi ba.

"Ajiya ce," in ji ta. "Ka je ka ce ɗan mai ita ne ya zo."

Ka ji fa. A duniyar su Inna haka abin yake: ɗan kasuwa ya bar kayansa wurin mai masauki ya tafi Makka, ya yi shekaru, ya dawo ya yi sallama a ɗauko masa, ba shaida ba rantsuwa. Amma Tasi'u ya yi boko har lise, wato babbar sakandare, ya san gidan tarihi ba ɗakin mai masauki ba ne, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Nan take ransa ya ɓaci. Wato sun sami tsoho wanda bai iya karatunsu ba, cikin firgici, suka karɓe masa gadon ubansa da sunan ajiya. Wannan fushin ne ya ɗauke shi daga ƙofar gida, ya manta da tumatir sam.

Da yake shi mai wayo ne, bai nufi Treichville ba. Ya ce a ransa ai wurin Inna duk inda ya wuce Adjamé Treichville ne, gidan tarihi kuwa guda ɗaya ya sani, babban nan na gwamnati da ke bakin unguwar Plateau, wanda yake wucewa kullum bai taɓa leƙawa ba. Ya shiga da sauri kamar mai neman wanda ya ɓata a asibiti. Fuskokin itace suna kallonsa daga bango, ga gumaka, ga kujerun sarakuna, ga 'yan ƙananan ma'aunan zinariya a jere. Bai tsaya kan ko ɗaya ba, idonsa jar fata kawai yake nema. Ya zagaya, ya sake zagayawa, har wani ma'aikaci ya lura da shi ya tambaye shi lafiya. Mutumin ya saurare shi da kyau, ya je ya tambayi na gaba da shi, ya dawo ya ce gaskiya ba su da irin wannan, amma tunda tsohuwa ta ce Treichville, me zai hana ya ƙetara ruwa ya duba can.

Wayarsa ta fara ruri tun kafin ya kai bakin ruwa. Gwaggon Haulatu ce, tana tambayar ina albasa, mata sun zauna da wuƙaƙe a hannu. Ya ce yana hanya. Ta sake ruri, wanzamin da ya yi wa magana ne, wani saurayi ɗan Tawa, yana son ya ji ko goben tana nan. Ya ce tana nan, ya kashe. A cikin bato-bus, jirgin ruwan da ke ƙetarar da mutane, akwai wurin zama amma ya kasa zama. Ya tsaya riƙe da ƙarfe yana kallon gadojin nan biyu, yana jin kamar ya sauka ya tura jirgin da hannu. Abin da ke cin ransa bai wuce hoton gobe ba: tsakar gida cike da mutane, ana tambayar ina kaka, ƙyaurenta a rufe.

Daga tashar jirgin ta Treichville ya faɗa Palais de la Culture, tunda ga shi nan kusa, ƙato, kuma da "al'ada" a sunansa. Tun daga waje yake jin ganguna. Wasu samari da 'yan mata ne ke gwajin rawa, zufa na zuba, wani mai gemu yana tafa musu. Mai gadi ya ji bayaninsa ya yi murmushi, ya ce nan kiɗa ake yi da wasan kwaikwayo, masu rai ne ke zuwa su yi abinsu su tafi, ba a ajiye kayan kowa. Ya kwatanta masa wata cibiya can cikin gari. Cibiyar kuwa ɗakin karatu ce, ɗalibai sun duƙufa, wata mata ta ɗora yatsa a baki tun kafin ya gama sallama. Daga nan aka tura shi wani tsohon shagon hoto da ke rataye hotunan mutanen unguwa na zamanin da. Ya tarar da bango cike da matattu sun sha ado, amma ba zabira.

Abin haushin, a nan aka haife shi. Ba lungun da bai sani ba. Ya san inda ake sayar da garba mai daɗi, dambun rogon nan da kifinsa, ya san silimar da ta koma coci, ya san kwalbatin da ya taɓa faɗawa yana gudun mai gadin makaranta. Amma wai a cikin unguwar nan akwai gidajen da mutane ke zuwa takanas don su ga yadda aka yi rayuwa, shi bai taɓa sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Rana ta take, rigarsa ta manne a bayansa, yana tafe yana leƙa kowace ƙofa kamar mai karɓar haraji.

Kusa da masallaci wani ya kira shi da "ɗan wanzam". Ya juya a fusace, sai ya ga Malam Fatihu ne, tsohon Bakanon nan da ya yi zamani yana shigo da atamfa da kwanuka, yanzu ya bar wa 'ya'ya, yana zaune kan benci yana jan carbi. Abokin Malam Idris ne na shekara da shekaru. Tasi'u ya durƙusa ya gaishe shi. Tsoho ya cire hula ya nuna masa kansa, ya ce ya duba ɓarnar da 'yan inji suke yi masa tun da ubansa ya tafi, ga kuɗi ga ƙuraje. Ya yi masa barka, ya tambayi mai jego, ya tambayi Delu, ya tambayi kasuwa, Tasi'u yana amsawa a gaggauce. Da ƙyar ya sami ƙofar da ya sako maganar zabira.

Malam Fatihu ya kalle shi, kallon da ya fi ƙarfin tambayar. Sannan ya ɗaga carbi ya nuna: ya miƙe, ya bar titi biyu, zai ga tsohon bene mai tagogin katako shuɗɗa, gidan wata malamar makaranta da ta yi ritaya, Madam Akissi. Ya ƙara da cewa ya sassauta fuskar nan kafin ya shiga, matar ba ta ci masa komai ba. Tasi'u ya ce to, irin to ɗinsa.

Ya tarar da ƙofa a rufe, an tafi hutun rana. Wayyo, ranar nan Tasi'u ya auna titin nan da ƙafa har mai sayar da lemo ta fara zarginsa. Ya koma masallaci ya yi azahar, sallar da shi kansa bai san me ya karanta ba, ya dawo. Ya sayi ruwa ya kasa sha. Waya ta yi ta ruri a aljihu, ya bar ta. Da aka buɗe kuma, sai ga ayarin ɗalibai 'yan mata da malamarsu sun riga shi shiga, dole ya bi bayansu yana cije leɓe.

Gidan ba shi da girma, kuma ba gumaka a ciki. Kayan mutanen unguwa ne kawai. Keken ɗinkin wani tela Basanagale, filafilin wani masunci ɗan Gana, hular ma'aikacin jirgin ƙasa, garmaho daga wani gidan rawa da ya daɗe da rushewa, kwandon goro na wata Bajula. Madam Akissi gajeriya ce mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta, tana tafe a hankali tana ba da labarin kowane abu kamar labarin danginta. Tasi'u ya ji kamar ya ɗauke ta ya ajiye a ɗaki na gaba.

A ɗaki na gaban ya gan ta. Tana cikin akwatin gilashi, a buɗe, fatar ta yi duhu, igiyar ratayawa an naɗe ta gefe guda. An jera kayan a kan farin ƙyalle: ƙahon shan jini, almakashi, dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa, asake, ga kuma baƙar nan mai lanƙwasasshiyar wutsiya ita kaɗai a gefe. Ya matsa kusa da gilashin. Har ɗinkin da Inna ta yi wa bakin zabirar da jan zare yana nan.

Madam ta tara 'yan matan, ta ce musu da Faransanci wannan kayan wani wanzami ne Bahaushe da ya yi fiye da shekara arba'in yana aiki a titunan nan. Shi ne mai aski, shi ne mai ƙaho, shi ake kira ranar suna. Ta ce sana'ar gado ce, daga uba zuwa ɗa, amma a kansa ta tsaya, don shi da bakinsa ya ce ba wanda zai zo nemanta bayansa.

"Ƙarya ne!"

Shi kansa Tasi'u bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da ya ga 'yan mata sun watse gefe. Ya ci gaba, Faransanci na zuba, don in ransa ya ɓaci shi ya fi zo masa kusa da Hausa. Ya ce shi ne ɗan mai kayan. Ya ce ajiya ubansa ya kawo lokacin tashin hankali, kowa ya san haka, uwarsa na raye za ta shaida. Ya ce ba daidai ba ne a sami tsoho a firgice a karɓe masa abu, a sa a gilashi ana nuna wa yara.

Madam Akissi ba ta ɗaga murya ba, ai ta yi shekaru tana fama da aji. Ta roƙi malamar ta hau da ɗalibai sama su ga hotuna. Ta sa tabaranta ta dube shi sama da ƙasa, ta ce lalle ga goshin tsohon nan. Ta jawo kujera ta ce ya zauna. Ya ƙi. Ta ce a kan kujerar nan ubansa ya zauna, sai ya zauna.

Ta ce a watannin rikicin nan mutane da yawa sun kawo mata kaya ajiya, tana karɓa, kuma da ƙura ta lafa masu rai sun dawo sun ɗauki abinsu, ba wanda ta hana. Da tsohon ya zo, abin da ta fara yi masa tayi ke nan. Ya ƙi. Ya zazzage zabirar a kan teburin can, ya ɗauki kowane abu yana gaya mata sunansa da aikinsa, da guntun Faransancinsa na kasuwa haɗe da Julanci, tun hantsi har la'asar. Da ta sake cewa ya bari ta riƙe masa kafin ya dawo, sai ya girgiza kai.

"Ya ce mini, ‘Madam, ba ajiya ba ce, na ba ki. Ba wanda zai zo nema. Ɗana ya sami abin yi da ya fi wannan.’"

Ta ce kada ya ɗauka da fushi ya faɗa. Yana murmushi ne. Har ya ciro wata waya daga aljihu ya nuna mata, ya ce ɗan nasa ne ya ba shi, shago gare shi a Adjamé, hannunsa ba ya taɓa jinin kowa.

Da zagi tsohon ya bari, da Tasi'u ya san yadda zai yi da shi. Wannan kuwa bai san inda zai ajiye shi ba. Ya tuna wayar, wata 'yar ƙarama ce da ta ƙi sayuwa. Ya tuna lokacin da yake yaro yana bin Malam da zabirar a kafaɗa, shi ne mai washi, shi ne mai riƙe kwanon ruwa. Ya tuna yadda 'yan ajinsu suka gan su wata rana ana yi wa wani ƙaho a bakin titi, suka sa masa suna mai shan jini, sunan ya bi shi har lise. Daga nan ya fara samun uzuri, yau jarrabawa, gobe ciwon kai. Malam bai taɓa yi masa faɗa ba. Wata safiya dai ya saɓa zabirarsa da kansa ya fita, bai kuma sake kiransa ba. Shi Tasi'u a lokacin daɗi ma ya ji. Yanzu ga shi zaune a kujerar da uban ya zauna, kunya da baƙin ciki sun taru sun rufe shi.

Muryarsa ta koma ƙarama. Ya gaya mata maganar suna, da ta Inna, da ƙyauren da za a rufe. Ya ce ba zabirar yake roƙo ba, aron aska ɗaya, na safiya ɗaya. Madam ta ce abin da aka ba gidan nan ba ya fita shi kaɗai, ko ɗanta ne ya zo. Ya yunƙura zai tashi. Sai ta ce amma ita tana fita. Ya kwatanta mata gidan, za ta zo da zabirar da kanta, ta zauna a yi abin da za a yi, ta koma da ita. Ya yarda da sauri, sannan ya roƙe ta abu guda: kada uwarsa ta ji cewa kyauta ce. Tsohuwa ta rayu shekarun nan tana ganin ajiya mijinta ya yi, a bar ta a haka. Madam ta ce ita ba ta ƙarya, amma tunda ba ta jin Hausa, tsohuwa kuma ba ta jin Faransanci, ba ta ga inda za su haɗu ba.

Ta buɗe gilashin don ya duba. Askar ta dushe, bakinta ya yi ɗan ja-ja. Ya ce wannan ko gashin hannu ba za ta ɗauka ba, balle kan jinjiri. Ya nemi ruwa, ya ɗiga a kan dutsen, ya kwantar da bakin askar. Da farko hannun ya yi masa nauyi kamar na wani. Can sai ya ji sautin ya daidaita, shuu, shuu, gaba da baya, ya juya ta ya goga a tafin hannunsa yadda Malam ke yi, bai ma san ya yi ba. Ya gwada a damtsensa, gashi ya zube. 'Yan matan sun sauko sun tsaya a bakin ƙofa suna kallo, bai ɗago ba. Ya koma Adjamé da la'asar sakaliya ba albasa ba tumatir, gwaggon Haulatu ta wanke shi tas, ya tsaya ya sha.

Da safe tsakar gida ta cika. Aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Idris, aka kayar da rago. Tasi'u yana karɓar barka idonsa na kan ƙofa. Ƙyauren Inna a buɗe yake amma ba ta fito ba. Wanzami ɗan Tawa ya shimfiɗa tabarmarsa, ya jera rezojinsa sababbi a takarda, yana duban agogo don yana da wani sunan a Williamsville. Tasi'u ya fita bakin titi, ya dawo, ya sake fita. Sai ga woro-woro, motar haya, ta tsaya, Madam Akissi ta fito cikin zane da ɗankwali, rungume da kwali kamar mai kawo gudummawa.

Aka kai ta wurin mata, aka fito da Inna. Tasi'u ya ɗora mata zabirar a cinya. Tsohuwa ta bi ta da yatsu, ta sami ɗinkin jan zaren, ta tsaya a kansa. Ta ɗaga ta shinshina. Ta ce a gaya wa baƙuwa ta iya riƙo, Allah ya saka mata. Haulatu kuwa daga cikin ɗaki ta aiko cewa ita fa sai an dafa ƙarfen nan a ruwan zafi an goge da sifirit, in ba haka ba ɗanta ba ya fitowa. Aka yi yadda ta ce, Inna ba ta musa ba.

Gwaggo ta fito da jinjiri a cikin zane, ta zauna. Ɗan Tawa ya jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, ya miƙa hannu a ba shi aska. Inna ta ji motsinsa ta ce a'a. Baƙon hannu ba ya fara ta. Shi ya ƙarasa in an fara, amma fari na 'yan gida ne. Mutane suka dubi juna. 'Yan gida kuwa maza, in ka cire wanda ke cikin zane, mutum ɗaya ne.

Tasi'u ya durƙusa. Kan yaron bai fi lemo ba, maɗigarsa na motsi a hankali. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ɗan Tawa, Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba, ya tallafe ƙeyar ya ja fatar da babban yatsa, ya ce masa ƙasa-ƙasa ya kwantar da ita, kada ya tsayar. Ya yi bisimilla. Aska ta bi gefen kan sau ɗaya, baƙin gashi mai laushi ya kwanta a bakinta. Yaro ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, bai yi kuka ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Tasi'u ya miƙa wa ɗan Tawa askar ya koma gefe ya zauna a ƙasa.

Sai da aka ci aka sha, rana ta ɗaga, Madam ta dubi kwalinta ta dube shi. An wanke aska an mayar, zabira kuwa tana cinyar Inna, ta ɗora hannu biyu a kai. Tun jiya yake shirya abin da zai ce. Ya matso ya durƙusa, ya ce Inna, za a mayar da ita ajiya, can ta fi samun kula, nan ga ɗanshi ga ɓeraye, duk ranar da aka sake haihuwa sai a ɗauko.

"Wace ajiya?" in ji ta. "Kai wannan, ni za ka yi wa wayo?"

Ta ce ranar da Malam ya dawo kafaɗarsa ba komai, a bakin gadon can ya zauna ya gaya mata duka. Ya ce ya bayar, don ba mai zuwa nema. Ta ce tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa musu da shi ba sai ranar.

"Na ce masa za a zo. Ya yi dariya, ya ce Delu, ba ki san ɗanki ba. Na ce ni na san shi."

Ta ɗauki zabirar da hannu biyu ta miƙa, ba daidai inda Madam take ba, sai da Tasi'u ya juya mata hannun.

"Gaya mata da yarenku. Ta mayar, tata ce, Malam ya ba ta. Amma in ta tara mutane tana ba su labari, ta bar cewa ba wanda ya zo."

Madam Akissi ta karɓa, ta dubi Tasi'u tana jiran fassara. Ya buɗe baki. Faransancin da bai taɓa ƙin zo masa ba, ranar nan ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa, sai gwaggon Haulatu ce ta ajiye ludayi ta zo ta faɗa mata.